Tiren Juma'ar Baba Garzali

Babu wanda ya naɗa Baba Garzali shugaban gidan hayar 'yan Arewa da ke unguwar Mu'aither a ƙasar Qatar. Tsohon masunci ne daga Argungu, yanzu yana gadi a Al-Sadd. Tun zuwansa ya ƙwace kicin ya kafa doka: kowace Juma'a bayan masallaci, duk ɗan gidan sai ya zauna a tire ɗaya. Wanda bai zo ba sai an nemo shi. Kan kifi kuma na Baba ne, ko kallonsa ba a yi.

Mu'azu, direban tasi da ya taɓa koyar da tarihi a Gusau, ya fi kowa jin haushi. Ya laƙaba wa Baba sunan Turanci, tyrant, wai azzalumin sarki, ya kuma zuga sauran a soke tiren, kowa ya ci nasa. Har sun fara yarda. Abin ya yi wa Baba ciwo ƙwarai, don ban da tiren nan ba shi da kowa a Doha.

Wata Juma'a da zafi ya kai maƙura, Mu'azu bai zo ba.

"Ƙyale shi, Baba, tawaye yake yi," in ji 'yan gidan.

Baba ya rufe abincin. "Babu mai ci. Yalla, maza ku tashi ku nemo shi."

Suna gunguni suka bazu. A saman bene aka same shi kwance a sume, ya hau shanya rana ta kayar da shi. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Juma'ar da ya dawo daga asibiti, Mu'azu ne ya shimfiɗa tabarma. Ya zauna kusa da Baba, kansa a ƙasa.

"Baba, sunan nan da na sa maka, rabin labarinsa na faɗa. Daga Girkanci ya fito, tirannos. Asali mutum ne da ya karɓi mulki ba gado ba naɗi. Wasunsu har ruwa suka jawo wa gari, daga baya ne sunan ya ɓaci." Ya ɗago kai. "Na gode, Baba. Allah Ya bar mana kai."

"To, khalas, ya wuce. Wanke hannu, Malam, shinkafa na hucewa."

Sai Baba ya sa hannu ya tura kan kifin gaban Mu'azu.