Rijiyar Ɗiya

Shekara arba'in Labbo baduku yana ɗinkin takalma a kasuwar Sabon Birni, amma ba ɗinkin ne ya sa aka san shi ba, bakinsa ne. Tambaye shi dalilin sunan kowace unguwa, ko wanda ya fara kafa rumfa a layin 'yan gishiri, sai ya ajiye basilla ya zayyano maka har da sunan jakin mutumin. Mahaya babur daga Burƙusuma kan tsinka maɗaurin takalminsu da gangan don su sami wurin zama.

Labarin da ya fi so shi ne na Rijiyar Ɗiya. Kakarsa Kande ce ta sayar da awakinta ta sa aka haƙa ta, bayan gulbi ya ci yara biyu na unguwarsu a damina ɗaya wajen ɗibar ruwa. A bakin mutanen nan ɗiya yara ne, shi ya sa sunan ya bi rijiyar.

Sai ga wani Shafi'u, ɗan boko mai tattara tarihin garuruwa, da wayarsa da fara'arsa. Kwana uku Labbo yana zuba masa labari, har fura ya saya masa. Da aka je buga littafin Shafi'u, na'urar ba ta da ɗ mai lanƙwasa, sai ta fitar da "diya". Wani gwanin gyara da ko hanyar garin bai sani ba ya ga kuskure, ya ƙara harafi ta zama "diyya". Da yake kuwa ba a biyan diyya sai an yi kisa, sai gwanin nan mai ƙaton kai ya ƙaro layi biyu daga cikinsa: wai mijin Kande ya kashe makiyayi, aka fanshi jinin da rijiya. Kai, tir da wannan ilimi!

Ran da aka karanta wa Labbo shafin, sai da ya tofar da goron bakinsa. Abin ya ba shi ƙyama ƙwarai.

"Ɗiya nac ce! Yara ƙanana! Wa yac ce diyya?"

"Baba, ai ga littahi yake," in ji masu zaman rumfar, suna kallonsa da tausayi irin wanda ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa.

Ya kira Shafi'u har ya gaji, waya a kashe. Ƙaryar kuma ta shiga wayoyin mutane, har da mai ƙara cewa ruwan kan yi ja da damina. Labbo ya bi majalisa majalisa yana gyarawa, ana ce masa to, yana juya baya ana ci gaba da na littafi.

Rannan ƙanensa Amiru, wanda Kande ta goya da zanenta, ya zo rumfa ya daɗe yana juya wani takalmi a hannu.

"Yaya," ya ce a hankali, "ko dai akwai abin da tsohuwar nan taɓ ɓoye muna?"