Jalalu da Gaisuwar da Aka Yanke

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gwiwa ya san Jalaluddeen, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shi ne mai shelar nan da ke ɗaure lasifika a bayan tsohon babur da igiyar roba, yana zaga rumfuna da cigiya da sanarwar ɗaurin aure da ta rigakafi. A gida Jalalu ake ce masa. A kasuwa kuwa sunansa Ina-Gajiya, kuma ba zalunci aka yi masa ba.

An ce ranar da aka haife shi bai yi kuka ba sai da ya gaida unguwarzoma. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifin, Baffa Maikasuwa, ya ɗauke shi. A wurin Baffa, magana babu gaisuwa miya ce babu gishiri, sai dai shi Jalalu da aka ba shi gishirin buhun ya juye gaba ɗaya. Boko a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Ranar jarrabawa ce ya cika shafi biyu yana gaida mai duba takarda da iyalinsa, yana shirin shiga tambaya ta ɗaya aka ce a ajiye biro.

Haka ya shigo da halin cikin sana'a. Akuyar wata tsohuwa ta taɓa ɓata, aka ba shi cigiya. Ya kunna lasifika: "Salamu alaikum jama'ar kasuwa. Ina kwanan Hakimi, Allah ya ja zamaninsa. Ina kwanan Dagaci. Ina gajiyar Sarkin Pawa, ina gajiyar 'yan koli, yaya ruwa, yaya iyali…" Waɗanda suka ga abin sun rantse kafin ya iso kan akuyar ta koma gida da ƙafarta, ta haihu, har 'ya'yan sun fara cin dusa.

Amma Jalalu yana da buri guda, wanda matarsa Jannatu ta gaji da jin sa a bakin murhu: yana son ya ji muryarsa a rediyo. Da damina ta kama aka buɗe wani ƙaramin gidan rediyo a Kazaure, Muryar Duwatsu, suka ce suna neman wakili a Gwiwa. Sharaɗin ɗaya ne, mutum ya turo rahoto na minti ɗaya ta waya.

Jalalu ya yi wanka, ya sa hula, ya fesa turare, kamar wayar tana da hanci. Ya ɗauki muryarsa ya tura. Minti ɗayan ya ƙare daidai kan "ina kwanan mai girma shugaban…"

Editan gidan, Malam Abdulnasir, ya maido amsa da murya: "Lafiya lau muka kwana, Malam Jalaluddeen, gajiya ta bi lafiya. To ina labarin? Muryarka ta yi, shi ya sa zan ƙara maka dama ɗaya, ranar kasuwarku mai zuwa. In ka sake gaishe ni, wani zan ɗauka."

Ya saurara sau bakwai, sannan ya hau babur sai Kazaure, wurin taubashiyarsa Sadiyya, 'yar ƙanwar mahaifinsa, wadda ke karatun aikin jarida kuma bakinta ya fi reza. Ya same ta a tsakar gida tana wanki. Ya fara gaisuwa, ta ci gaba da wanki. Ta ɗauraye, ta shanya, kaya suka fara bushewa.

"Ka gama, bawana?" ta ce.

"Wane ne bawanki? Ni da na goya ki kina majina?"

"Ka goya ni ka kayar da ni garin durƙusa wa mai unguwa. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya kunna mata amsar Malam Abdulnasir. Ta yi dariya har ta zauna a cikin bahon wanki. Da ta farfaɗo ta ɗauko wayarta ta nuna masa littattafai da darussan bidiyo na koyon aikin jarida, waɗanda malaman wasu jami'o'i na nesa suka zuba a intanet a buɗe. Ta ce ita da 'yan ajinsu sun mayar da wasu Hausa, sun karanta da murya, kuma za ta zuba masa a katin waya.

"Nawa ne?"

"Kyauta."

"Kyauta kyauta? Ko irin kyautar ɗan siyasa?"

"Kyauta. Ka karanta, ka fassara, ka gyara, ka raba wa duk wanda ka ga dama. Abin da suka ce kawai, ka ambaci sunan mai shi."

Jalalu ya ƙura wa wata malama mai tabarau ido a bidiyon. Ya ce ai shi ba a rene shi da karɓar kyauta hannu rabbana ba, dole a ba da tukuici. Yana da ƙwan zabi talatin a gida, wace mota ce ke zuwa garinsu?

"Kafin su isa sun ƙyanƙyashe sun yi jikoki," in ji Sadiyya. "Ba ka ji an ce yaba kyauta tukuici ba? Shi ke nan abin da suke nema."

Wannan ta shige shi. Ya ce ashe mutanen suna da tarbiyya.

Suka zauna kan darasin farko. Muryar Sadiyya a cikin waya ta ce kowane labari yana amsa tambayoyi biyar: wa, me, ina, yaushe, me ya sa. Jalalu ya yi tsalle ya tsayar da wayar.

"Kin ji ko! Ina! Ga ta nan ta uku. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki. Har Malama Mai Tabarau ta san da gaisuwa, Abdulnasir ne bai yi karatu ba."

"Ina abin ya faru, Jalalu. A ina. Wuri."

"To ai shi ma wurin sai an tambayi kwanansa."

Darasi na biyu ya fi ba shi haushi. An ce labari kamar dalar gyaɗa ce da aka kifa, mai nauyi a sama, mara nauyi a ƙasa, don in lokaci ya ƙure edita ya yanke daga ƙasa ba a yi asara ba. Jalalu ya ce duk wanda ya kifa dala buhu zai danne shi. Ya tambaya ita gaisuwa ina take zama.

"A ƙasa. Can gindi."

"Inda ake yankewa?"

"Nan fa."

Ya cire hula ya share zufa. Ba wasa yake ba a nan. Baffa Maikasuwa ba ya rabuwa da rediyo, a kafaɗa yake rataye ta ko gona za shi. In ya ji ɗan da ya rena ya buɗe baki a gaban duniya babu ko sallama, kamar wanda aka koro, me zai ce? In kuma ya yi gaisuwar, aikin ya tafi. Gaba kura, baya sayaki.

Kwana shida ya yi yana fama. A kan babur abin saurare na kunnensa, Sadiyya na karanto masa darasin Malama Mai Tabarau, yana amsawa da "na'am, Malama" har fasinjojin hanya suna waiwaye. A gida Jannatu ta zama edita, tana riƙe da muciya. Da ya ce "salamu…" sai ta buga tukunya. Ya gwada rahoton kazarsu da ta yi kwanci, ya gwada na maƙwabcin da ya sake rufin ɗaki. An ce tukunya biyu suka lotse a makon nan. Rana ta biyar ya iya kaiwa ƙarshen jimla ɗaya babu gaisuwa, sai dai ya kwanta da zazzaɓi.

Ranar kasuwa aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi ya ɗauke, Jalalu ya fito bai ma san rahoton me zai yi ba. A bakin rafin da ke kudu da kasuwa ya tarar da cincirindo. Ruwa ya cinye kwalbatin, hanya ta rabu biyu, wata akori-kura ɗauke da buhunan gero ta tsaya da ƙafafun gaba a bakin ramin, direban na zaune a gefe yana salati. Ga kuma mutane can suna ta tahowa daga wajen Roni, ba su sani ba.

Ya ciro waya. A cikin taron akwai dagaci, akwai limamin unguwarsu, akwai surukinsa. Bakinsa ya buɗe da kansa, harshe ya nufi inda ya saba. Ya cije shi. Ya juya musu baya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka yaye shi, ya danna.

"Ruwan safiyar yau ya karya kwalbatin kudancin kasuwar Gwiwa, mota ba ta wucewa. Babu wanda ya ji rauni. Masu tahowa daga Roni su bi ta tsohuwar hanyar makabarta…"

Ya faɗi wa, ya faɗi me, ya faɗi ina ta gaskiya. Ya tambayi direban, direban ya yi magana. Da ya duba ya ga saura daƙiƙa goma sha biyar, sai ya saki abin da ya tare, kamar an fasa madatsar ruwa: Hakimi, Dagaci, Liman, Baffa Maikasuwa, suruki, Malama Mai Tabarau da iyalinta. Ya tura.

Ba a jira labaran rana ba. Kafin ya tada babur ya ji muryarsa tana fitowa daga rediyon mai shayi, tsaf, har zuwa "Jalaluddeen ke nan daga Gwiwa." Daga nan sai kiɗa. An yanke gindin dala. Saƙon Malam Abdulnasir ya biyo baya: "Ka samu. Gobe ka zo Kazaure."

Mutane na ta ba shi hannu, shi kuwa hankalinsa na kan Baffa. Ya nufi gidan Baffa, ya tarar da shi a zaure, rediyo a cinya. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

"Allah ya ba Baffa nasara, wallahi na yi gaisuwar, yanke ta aka…"

"Wa ya koya maka shiga magana ta taga?"

"Wata malama ce, Baffa. A waya take. Kyauta take koyarwa."

"Ba ta da iyaye?"

Baffa ya juya rediyon a hannunsa, ya daɗe. Sannan ya ce ƙaninsa Abu ya taso daga Roni da tumaki a mota, yanzu ya bugo waya, ya ce a rediyo ya ji, ya bi ta hanyar makabarta.

"Mai ihun gobara ba ya sallama," in ji Baffa. "Wannan na yarda. Amma in wuta ta mutu, ana dawowa a yi jaje. Gaisuwar da suka yanke tana ina?"

"Tana bakina, Baffa."

"To hakkin mutane ce. Ka kai wa kowa tasa har gida. Fara da ni."

Ya fara. An kira azahar suna kan "yaya ruwa".

Yau shekara biyu ke nan Jalalu na wakiltar Gwiwa. Rahotonsa minti ɗaya ne, ba ya ƙari. Da ya tura sai ya hau babur ya bi gida gida yana sauke gaisuwar da aka yanke, abin da ke cin sa har la'asar, man babur kuwa Jannatu ta daina magana.

Sadiyya ta nemi izininsa ta saka rahotanninsa biyu cikin darussan Hausa da suke rabawa kyauta, na kwalbati da kuma na farkon nan. Yanzu ɗalibai daga Babura har inda ba a sani ba suna sauraron sa. A kan na farkon ta rubuta: "Yadda ba a fara labari." Da aka karanta masa bai ji haushi ba, tambaya ɗaya ya yi.

"An sa sunana?"

"An sa, bawana. Cikakke."

"To shi ke nan, sun biya tukuici. Ki gaishe min da su. Ki ce ina kwanansu, ina gajiyarsu, yaya karatu, yaya…"

Ta kashe wayar.