Malama Dije da Kiɗan Cigiya

Kullum da hantsi Malama Dije takan fito daga gidanta a Ƙofar Kwaya, jaka a hammata, ta tsaya bakin titi jiran Keke Napep. Masu shagunan layin sun san a gidan rediyo take aiki, amma ka tambaye su me take yi can, sai kame-kame. Ba ta karanta labarai, ba ta gabatar da shiri, ba wanda ya taɓa jin muryarta a akwatinsa. Wani mai shayi ma ya taɓa ce mini shara take yi. Shekara talatin da ɗoriya tana wucewa ta gabansa, wai shara!

To ga aikinta, tunda sai an faɗa. Takan zauna a wani ɗan ɗaki gaban na'urar haɗa sauti, gilashi tsakaninta da mai magana. Ita ke buɗe masa makirufo, ta rage shi in ya cika ihu, ta ɗaga shi in muryarsa ta yi sanyi, ta saka kiɗa ta cire a kan lokaci. Duk muryar da kuka yi shekaru kuna yabo, ta hannunta ta biyo. Sa'ad da ta fara, mazan ɗakin ba su yarda ta taɓa na'urar ba, naɗe waya da goge ƙura suka ba ta. Ta naɗe, ta goge, tana kallon hannuwansu. A dangi kuwa sunanta "mai kiɗan Turawa", akwai ma kawun da ya rasu bai sake amsa gaisuwarta ba. Ba ta rama ba, ba ta kuma bar aikin ba.

Kiɗan da suke zaginta da shi na shirin cigiya ne, wanda ake yi bayan la'asar, inda ake karanta sunayen waɗanda suka ɓata da masu nemansu. Tun kafin zuwanta ake buɗe shirin da wani guntun kiɗa na irin wanda Turawa ke kira simfoni: makaɗa kusan ɗari, masu goge da sarewa da kakaki da ganguna, mutum ɗaya tsaye gabansu da ɗan sanda yana ja musu gora. A ƙarnin da ya wuce aka tsara shi, can wata ƙasar sanyi. Mutanenmu ba ruwansu da wannan tarihi. Su dai da sun ji shi, sai a ce wa yara su yi shiru. Kuma tun da aka fara tashin ƙauyuka, mutane na kwararowa birni ba su san inda nasu suka faɗa ba, shirin ya zama abin da ake jira kamar ruwan sha.

Ana saura ƴan watanni ta yi ritaya, tsohon kaset ɗin ya gaji. Ya fara jan sauti, kakakin na rawa kamar mai zazzaɓi, wata rana na'ura ta tauna shi gaba ɗaya. Shugaban shirye-shirye, Alhaji Sadiq, ya ce a nemo kiɗan a intanet. Ni ce mai tsara shirin, ni na nemo. A nan muka gane cewa kiɗan ɗaya ne, amma makaɗan duniya daban-daban sun sha buga shi, kowa da yadda ya ɗauka. Wanda ke kan kaset ɗinmu kuwa ba a san na su waye ba. Na kawo mata guda uku.

Ta maƙala abin sauraro a kunne. Na farko bai yi nisa ba ta cire.

"Wanga sauri yake kamar ana rakiyar amarya. Mutum ya ɓata ana masa wannan?"

Na uku tsohuwar ɗauka ce, sai shuuu a ƙarƙashi kamar ana suya, kakakin ya faso tun daga farko ba sallama, can tsakiya ma wani cikin masu kallo ya yi tari. Ta yamutsa fuska.

Na biyu ne ya kama ta. Sabuwar ɗauka ce, tas da ita. Gogen ke farawa can ƙasa-ƙasa kamar numfashi, a hankali yana tasowa, sarewa ta shigo, sai can kakakin ya buɗe. Ta saurara har inda muka saba yankewa, ta ɗaga mini hannu kada in taɓa. Ashe duk shekarun nan guntun kawai ta sani, ba ta taɓa jin inda kiɗan ya dosa ba. Ta zauna ta ji shi har ƙarshe, shayinta ya huce, idonta ya kawo ruwa.

"Ashe haka yake," ta ce. "Ashe wutsiyarsa na riƙe."

Shi ta zaɓa, da hannunta, kowa kuma ya yaba. Aka ci gaba da shiri.

A cikin masu kawo cigiya akwai Furera, wata Bafulatana da aka tashi rugarsu. Ita ta faɗo Katsina da ƴaƴanta, mahaifinta Babaji ya yi wani wajen da ragowar shanu, tun ranar ba labari. Ba shi da waya. Abin da ta sani kawai, yana da ɗan rediyo da yake ratayawa a wuya. An karanta cigiyarta sau da yawa, shiru. Wata rana ta dawo, ta tarar da Malama Dije a bakin ƙofa tana alwala, ta durƙusa suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar yara da baƙunta.

"Inna, don Allah in tambaye ki. An bar yin cigiyar ne?"

"Wa ya ce miki? Jiya ma an kira sunan babanki."

"To mu dai inda muke zamne an ce an bari. In an kunna ba a jin kiɗan nan. Baba kuwa na san halinsa, tattalin batir gare shi. In ya kunna bai ji kiɗa ba, kashewa yake."

Malama Dije ta ƙarasa alwalarta. Ta yi sallarta, ta shiga ta gudanar da shirin ranar. Washegari ta sa na zuba mata ɗaukar uku a memori, ta ari ɗan rediyo irin na makiyaya wurin maigadi, ta ce in taso mu je kara.

Na ce, "Anti, kara kuma? Wurin shanu?"

"A'a, wurin jirgin sama. Taso mana."

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Rana na dukan mu, ga kashin shanu, ga dillalai na bin mu da ido, mata biyu da rediyo a hannu. Wani ya ɗaga murya, "Hajiya, nan ba a sai da waƙa, sai bijimi!" Aka kwashe da dariya. Na juya zan ba shi amsar da ta dace da shi, ta riƙe mini mayafi. Ta nufi wasu dattawan makiyaya da ke zaune a inuwa, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta roƙe su su saurari wani abu.

Ta kunna na biyu, nata, wanda take so. Shanu na kuka, babura na wucewa, ana ciniki. Dattawan suka zuba wa rediyon ido. Ɗaya ya karɓa ya jijjiga, ya kara a kunne.

"Batirinki ya mutu, Hajiya."

Kiɗan yana tafiya, ni na sani, ita ma ta sani. Amma gogen nan mai kamar numfashi, wanda ya sa ta hawaye a ɗaki mai sanyi, ko alamarsa babu a nan. Kafin kakakin ya iso, dattijon ya riga ya miƙo mata abinta.

Ta kunna na farko. Suka ji, wani ya ce wannan na biki ne. Ta kunna na uku, mai shuuu. Kakakin ya tsaga hayaniyar, har wani da ke ɗaure akuya can gefe ya waiwayo.

"Yauwa, wanga shi ne! Na ɓatattu. Mi ya sa kuka ɗauke shi?"

Da aka zo wurin tarin, dattijon ya ce, "Allah sarki, shi ma mai kiɗan mura yake." Ita kanta sai da ta yi dariya.

A ofishin Alhaji Sadiq aka kai ruwa rana. Shi ma yana da hujjarsa: sauran tashoshi sautinsu garau, mu za mu koma wa abin da ke shuuu da tari, a ce na'urarmu ta lalace.

"Malama, ke fa kika zaɓi wancan. Ni ban tilasta miki ba."

"Ni na zaɓa, ranka ya daɗe. Kunnena na zaɓar wa. Masu cigiya ba a ɗakinmu suke saurare ba."

"A ƙara wa sabon ƙarfi mana."

"Na gwada. In na ɗaga farkon, kakakin in ya zo sai ya fasa musu rediyo."

Ya yi tsaki, ya ce ta yi yadda ta ga dama, amma in aka yi ƙorafi ita za ta amsa. An kuwa yi. Wasu ƴan birni suka yi ta bugo waya suna tambaya ko mun koma zamanin da ne, abokan aiki suka sa mata suna Hajiya Mai Tari. Kullum bayan la'asar ta danna kiɗan da ba ta so, ta ajiye wanda take so. Ban taɓa jin ta yi gunaguni ba, ni ce ma nake yi a madadinta.

Ba zan ce kiɗa ne ya dawo da Babaji ba, Allah ne ya dawo da shi. Abin da na sani, bayan ƴan makonni wani makiyayi a wata ruga ta wajen iyaka ya ji kiɗa ya tsaya, ya ji an ambaci Babaji da Furera, ya ce ai ga tsohon nan can bakin rafi. Da shi aka haɗa har aka kawo shi Katsina.

Sun zo godiya a makon da Malama Dije za ta ajiye aiki, Furera da tsohon, ɗauke da ƙwaryar man shanu. Suka ce mai muryar nan suke nema. Aka kira Malam Hashimu, mai karanta cigiya. Tsohon ya riƙe hannunsa yana ta sa albarka, Malam Hashimu kuwa ya karɓi ƙwarya yana cewa ba komai, aikinmu ne. Malama Dije na bayan gilashi tana kallo. Na yunƙura zan yi magana, ta ƙwanƙwasa gilashin, ta nuna mini agogo, ta nuna mini kujerata. Na zauna ina huci. Suka tafi ba su san abin da ta yi ba.

To ni ban iya irin wannan haƙurin ba, Anti, kuma ba ni da niyyar koya. Ke ce kika naɗe waya har aka gaji aka ba ki kujera. Ke ce aka yi wa dariya a kara, kika tsaya sai da kika ji abin da kika je ji. Ke ce kika sami abu ɗaya a aikin nan da ranki ya so tsakani da Allah, kika ajiye shi saboda wani tsoho da ba ki taɓa gani ba. Dije ta bayan gilashi, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki kunnenki.

Ku kuma da ke zaune a ofisoshi da asibitoci da makarantu kuna zaɓar wa talakawa abin da ya yi muku daɗi, ku tashi ku je inda abin ke sauka, ku gani da idonku. Mace mai shekara sittin ta je, ba abin da ya ci ta.

Na gaya wa Furera gaskiyar magana, ta kuma gaya wa mahaifinta. Da Malama Dije ta ji, ta aiko mini cewa in na kuskura na kai su gidanta, ba ni ba ita. Na ji saƙo, Anti. Ranar Juma'a muna tafe, mu uku. Ki shimfiɗa tabarma.