Shi Ko Ita

A gidanmu na unguwar Marjandafak ni kaɗai ce ke zuwa lise, wato babbar sakandaren Faransanci, don haka duk abin da ya shigo da baƙon harshe ni ake kira. Ba na son a kira ni. A aji ma bencin baya nake zama, in malam ya yi tambaya sai in duba ƙasa ko da na san amsar.

Yayata tana aikatau a Jidda. Tun zuwanta uwar gidan ta karɓe mata waya. Aikinta shi ne kula da wani tsoho, mahaifin uwar gidan, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu. A gidan akwai wata 'yar Filifin mai renon yara, tana da waya a ɓoye. Ita ke ba Yaya aro ta turo mana murya. In Yaya ba ta samu sarari ba, sai matar ta turo da kanta, da Ingilishi.

"Ke, zo ki ji me 'yar Cainar nan ke cewa," in ji Inna.

"Inna, ba 'yar Caina ba ce."

"Ko 'yar ina ce. Zauna ki fassara."

Ingilishina ɗan abin da ake koya mana ne a makaranta, ita kuma tana gauraya nata da harshensu, wanda ta ce min sunansa Tagalog. Kunnena ya koyi rarrabe su. In tana Ingilishi kalmomin kan fito a tsaye, gajeru, kamar mai ba da rahoto ga uwar gida. In ta zame cikin nasu sai muryar ta yi taushi, gaɓoɓin su riƙa maimaita kansu. A saƙonta na farko ta ce ita "yaya" ce a gidan. Inna ta ce, "Yayar wa?" Daga baya na gane a harshensu haka ake kiran mai reno. Inna ta yi dariya, ta ce, "Ai ba su yi ƙarya ba. Wace yaya ce ba ta reno?"

Wata rana kafin la'asar, Inna na haɗa turaren wutan da take kaiwa kasuwa, Gwaggo ƙanwar mahaifinmu na kwance a tabarma saboda zafi, saƙo ya shigo. Matar tana magana ƙasa-ƙasa, ina jin ƙarar famfo a bayanta. Ta ce, "He fall in the stairs. He is in hospital. He cannot talk."

Na ce, "Ya faɗo daga matakala. Yana asibiti, ba ya iya magana."

Inna ta sauke ajiyar zuciya. "Tsohon ne. Allah ya ba shi lafiya."

Gwaggo ta juya ta ce, "Wannan tsoho ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. In Allah ya karɓi abinsa ai 'yarki ta huta da wanke masa kashi."

"Ki ji tsoron Allah, Hajiya."

"Shi nake tsoro, shi ya sa nake faɗar gaskiya."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba, amma ban san dalili ba sai washegari a aji. Ina kallon allo na tuna Yaya ta taɓa ce mana ɗakin tsohon a ƙasa yake, kuma ko banɗaki ɗaukarsa ake yi. Me zai kai shi matakala? Na tuna kuma an kwana biyu ba mu ji muryar Yaya da kanta ba.

Da na dawo na tarar an ɗauke wuta, wayar Inna ta kusa mutuwa. Na ce zan kai ta caji wurin mai shago. Na tsaya a gefen shagon, bayan buhunan gawayi, na ɗora wayar a kunne na koma tsofaffin saƙonni. A ɗaya ta ce, "Madam, he is angry today." A wani ta ce, "My daughter, he is sick." Uwar gida mace ce, 'ya kuma mace, amma duka "he" ta ce. A lokacin ban ma lura ba, tunda ta faɗi wanda take nufi, bakina ya gyara da kansa. A Hausa ba ka buɗe baki ba tare da ka nuna mace ce ko namiji ba. Haka Larabcinmu na kasuwa, haka Faransanci, haka Ingilishi. Ban taɓa zaton akwai harshen da bai damu ba.

Na rubuta mata kalma uku: "He or she?"

Ina tsaye, mai shago ya tambaye ni ko lafiya, na gyaɗa kai. Can amsa ta zo.

"Sorry, sorry. In Tagalog only siya. Man, woman, siya. Your sister."

Daga nan Ingilishin ya ƙare mata. Ta ci gaba da nasu, tana kuka tana danne kukan, har saƙon ya yanke.

Daga shagon zuwa gida ba nisa, amma sai da na zagaya ta bayan masallaci. Na tarar Inna tana ɗura turare a kwalabe, yatsunta duk maiƙo. Na durƙusa gabanta. Na ce:

"Inna, ba shi ba ne. Ita ce."

"Ita wa?"

"Yaya."

Ta ajiye kwalbar a hankali, ta rufe ta tukuna. "Jiya kin ce shi."

"Haka ta faɗa. A harshensu kalma ɗaya ce, mace da namiji. In ta juya zuwa Ingilishi sai ta ɗauki wadda ta zo mata."

Gwaggo ta tashi zaune, ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Inna ta ce in kunna mata saƙon. Na kunna. Da ya kai wurin Tagalog na kai hannu zan tsayar, ta riƙe min hannu. Ta saurara har ƙarshe.

"Nan fa me take cewa?"

"Ban sani ba, Inna. Ba a koya mana."

"Sake kunnawa."

Yaya ba ta farfaɗo ba. A can aka binne ta, ba mu ga komai ba, ko ɗankwalinta. Mata suka cika tsakar gida, masu Hausa da masu Larabci. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ce wa Inna ta gode Allah, kakanninmu sun ɗauki hanyar Makka suka tsaya a nan, ga jikarsu ta isa ƙasar har ta kwanta a cikinta. Inna ta ce, "Haka ne," tana kallon bango.

Akwai tambayar da na daɗe ina shiryawa da Ingilishi, ina gyara ta a bayan littafina: yaya aka yi ta faɗo, kuma wa ke wurin? Ranar da na samu ƙarfin turawa, saƙon bai shiga ba. Na yi ta gwadawa har damina ta wuce. Ban sani ba ko uwar gidan ce ta gano wayar, ko matar ce ta koma ƙasarsu.