Kalar Gindin Gawo

Shekarar da Baba ya rasu, Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen kaka, dawa ta nuna daidai lokacin da kowa ke neman rago. Shi ya shuka gonarsa da hannunsa, ya yi mata noman fari da maimai, sannan ya kwanta ciwon kwana tara, ya tafi ya bar mini ita tsaye. Ni kuwa ma'aikacin ofis ne a Tambuwal, gonar tana ƙauyenmu kusa da Fakku, cikin ƙasar Kebbe. Rabona da riƙe magirbi tun ina sakandare, amma da yake ni ne babba, ba wanda ya tambaye ni ko zan iya.

Watan nan ban san zama ba. Daga Litinin ina ofis, ana ta rububin kammala takardu kafin hutu. Da yamma in bi ta wurin tela, ya rantse mini cewa gobe kayan yara za su fito, in koma gida mai ɗakina ta tambaye ni rago. Ranar Juma'a ana sallamewa daga masallaci sai in hau babur in kama hanyar ƙauye, in isa ƙugu na ciwo, in dawo Lahadi da ƙaiƙayin dawa a wuya. Har na fara jin daɗin kaina. Ina ganin ga ɗan boko zai nuna wa mutanen ƙauye yadda ake aiki da tsari.

A kusurwar gabas ta gonar akwai wani babban gawo. Tun muna yara, in girbi ya kai wurin, Baba kan kore mu.

"Ku tafi can gaba," in ji shi, "wanga wuri nawa na."

Kuma aikin da yake yi a wurin, Allah ya ji ƙansa, ba ya da kyau. Ya kwantar da kara, ya yanke wasu zangarniyoyi, ya tsallake wasu, manya-manya ma, ya bar su kwance a ƙarƙashin karan. Mukan yi masa tsiya mu ce idonsa ya fara gajiya, ko inuwar gawon ce ke sa shi gyangyaɗi. Sai ya yi dariya ya ce mu bar tsoho da tsufansa. Bayan an kwashe dammuna kuma ba ya barin shanun Fulani su shiga cin kara sai an yi mako guda cif, ko da maƙwabtanmu duk sun saki nasu gonakin.

A cikin makon nan ne masu kala ke zuwa. Kala ita ce tsintar abin da masu girbi suka bari a baya. Ba roƙo ba ce, ba kyauta ba ce, duk wanda ya sunkuya ya tsinta, guminsa ne. A gonarmu mai kala ɗaya ce, wata tsohuwa da duk gari ke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini da ita ba. Mijinta ne malamin da ya koya wa Baba karatu. Ya rasu tun ina ƙarami, 'ya'yansu ba wanda ya rayu, ta zauna ita kaɗai a gidan da a da ake dafa tuwon baƙi. Kowa ya san halinta: ba ta karɓar sadaka, ba ta karɓar zakka. In ka aika mata da hatsi, kafin ka zauna ya riga ka dawowa gida, da godiya mai yawa. Abin da take ci shi ne ɗan kaɗin audugarta da kalar da take yi da kaka.

Na tara maƙwabta muka yi gayya ranar Asabar, saura kwana shida Sallah. Da muka kai gindin gawo na ce a share shi tas, bana ba gyangyaɗi. Muka ɗaga kowane kara, ba mu bar ko zangarniya ɗaya ba. Dami biyu suka ƙaru a kan abin da aka saba samu, na yi ta faɗa da alfahari.

Da la'asar Bafulatanin da ya saba kawo shanunsa gonarmu ya zo ya yi mini gaisuwar rashi, ya tambayi ranar da zai shigo.

"Gobe," na ce.

Ya dube ni. "Marigayi shikan ce in jira bakwai."

Na ce masa marigayi a nan ƙauyen yake zaune, ni kuwa gobe zan koma bakin aiki, ba na son barin magana a baya. Ya juya ya tafi.

Washegari da hantsi ina gona ana loda sauran dammuna a amalanke, shanu sun bazu ko'ina suna karya kara, sai ga Gwaggo da kwando a ka da sandarta. Ta tsaya a bakin gona ta daɗe tana kallon shanun. Ta gaishe ni, ta yi wa Baba addu'a, sannan ta ratsa tsakanin shanun har gindin gawo. Na ga ta sa sanda ta ɗaga kara ɗaya, ta ɗaga na biyu, ta ɗaga na uku. Ta mayar da kwandonta ka, ta bi hanyar da ta zo. Na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma amalanke na jira, sai na ci gaba da lodi.

Inna, mahaifiyata, tana cikin takaba a lokacin, ba ta fita ko ƙofar gida, don haka ba ta san yadda muka yi girbin ba sai da na ba ta labari, har da dami biyun da nake taƙama da su. Ta ajiye carbinta.

"Gindin gawo kunka share?"

Na ce e.

"Kai, ɗan nan, mi ka aikata? Abincin Gwaggo na ka kwashe. Babanku da gangan shika barin shi, tun shekarar da malam ya rasu. Ni kaɗai na sani, kuma ya hana ni faɗi."

Kunya ta rufe ni, na miƙe zan fita. Inna ta ce in zauna. Ta ce in bar maganar a hannunta, in ta fita takaba za ta san dabarar da hatsin zai isa gidan ba tare da an ce ga mai shi ba. Amma saura mata kusan wata guda, ni kuma ina son in koma Tambuwal da zuciya wankakkiya, in yanka ragona ba abin da ke damuna. Yanzu na san ba yunwar Gwaggo ce ta tashe ni ba, nauyin da ke ƙirjina ne nake son saukewa da wuri.

Na ɗaure dami biyun a bayan babur na kai ƙofar gidanta. Na same ta a tsakar gida tana kaɗi, kwandon nan a kife a gefenta.

"Mayar da abinka, ɗana," ta ce. "Ka san ba ni amsa."

Sai na faɗi maganar da har yau nake jin ta a bakina. Na ce, "Gwaggo, ai ba sadaka ba ce, naki ne. Baba ne ke ajiye miki shi kowace shekara a gindin gawo. Ni ne ban sani ba na kwashe."

Mazarin ya tsaya a hannunta. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi. Ta dubi dammunan, ta dubi kwandon.

"Kowace shekara?"

Na ce e.

"Ashe ba kala nika yi ba," ta ce a hankali, ba da ni take ba. Sannan ta ɗago. "Allah shi ji ƙan babanka, mutumin kirki na. Ɗauki hatsinka ka tafi, rana na yi."

Na koma Tambuwal a ranar. Tela ya cika alkawari, rago ya samu, yara suka yi Sallarsu da murna. Ni naman bai yi mini ɗanɗano ba.

Da kaka ta zagayo na yi gindin gawo da hannuna, na bar zangarniyoyi fiye da yadda Baba ke bari, na hana shanu shiga har kwana goma. Ba ta zo ba. Inna ta ce ba gonarmu kaɗai ba, ta daina kala a gonar kowa. Dabarun da Inna ta gwada duk ta gane su, domin na riga na buɗe mata ido. Ta ƙara shekara uku a duniya a kan kaɗin audugar nan, tana ramewa a gaban idon gari. Har yanzu ina barin kusurwar, tsuntsaye da ɓeraye ke ci, kuma in na shiga gonar da hantsi ba na son duban wajen gawon, don sai in ga kamar ana ɗaga kara da sanda.

Ganina da ita na ƙarshe a hanyar rijiya ne, da kaka. Ina tafe a babur daga nesa, amalanken wani ya wuce ta gabanta, wata zangarniyar dawa mai kyau ta faɗo a tsakiyar hanya, mai amalanke bai ko waiga ba. Na rage gudu. Ta tsaya a kanta, ta dube ta, ta ɗaga kai ta duba gabas da yamma ko akwai wanda ke kallo. Sannan ta tattara zanenta, ta kewaye ta, ta wuce.