Shekarar da Na Ciyar da Fumfuna Irin Dawarmu

Ni malamin gona ne, gara in faɗa tun da wuri don abin ya fi ciwo. Shekara da shekaru ina hawa babur daga Ƙanƙara ina shiga ƙauyuka, ina tara manoma a gindin bishiya ina koya musu adana hatsi. Har allo nake ɗaurawa a bayan babur. Na sha tsayawa gaban dattawan da suka haife ni, ina kaɗa yatsa ina cewa ba abin da ke kashe iri kamar laima. Su gyaɗa kai su ce, "Allah ya ƙara sani, Malam." Yanzu in na tuna addu'ar nan sai in ga ashe sun riga ni gane abin da nake buƙata.

Gidanmu na gado yana wani ƙauye bayan Sheme, a ƙasar Faskari. Ginin ƙasa ne tun na kakana. Bayan rasuwar Baba, Inna ce kaɗai a ciki, sai kajinta da akuya biyu. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo, kaji take gaya wa. Ina zaune a tabarma za ta watsa musu tsaki ta ce, "Ku gaya wa baƙonku ga fura nan a rufe." Haka muka rayu, kuma muna fahimtar juna sarai.

A madafinta, daidai saman murhu, akwai zangarniyoyin dawa a rataye jikin azara, ɗaure da igiyar rama, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. Irin Baba ne. Kaura ce, amma ba irin ta kasuwa ba: gajeriya ce, ƙwayarta manya, tuwonta yana da wani ƙamshi kamar an ɗan gasa shi. Daga kakana ya gāje ta. Kowace kaka, kafin a taɓa girbi, yakan shiga gona shi kaɗai da wuƙarsa, ya zaɓo kawunan da suka fi cika, ya kawo wa Inna ta rataye. Ba mai taɓa su sai ruwan shuka ya sauka. Da ya rasu ita ta ci gaba da zaɓen, da hannunta, ko da gwiwa na damunta.

Shekarar da nake ba da labari, gonarmu ta daji ba ta shigu ba. Duk mutumin ƙasar nan ya san dalili, ba sai na faɗa ba. Ɗan filin bayan gida masara aka sa masa, don a samu abin ci da wuri. Ke nan irin zai kwana damina guda a gida, ya jira baɗi. Ɗaurin nan na saman murhu shi ne kaf abin da ya rage mana na dawar Baba.

A ranin shekarar ne kuma ciwon gyaran gida ya kama ni. Na ɗauki hutu na zo da buhunan siminti, na sa aka shafe ɗakin Baba ciki da waje, aka zuba daɓen siminti, aka cire rufin ƙasa aka buga kwano da silin. Tagar katako mai buɗewa na fitar, na sa ta gilas wadda ba ta buɗuwa, wai don ɓera. Na shafa shuɗin fenti. Duk wanda ya shigo gaida Inna sai na ja shi ya ga ɗakin, ko bai tambaya ba.

Akwai tsohon magini da ke yi mana yaɓe duk shekara kafin ruwa, da ƙasa da makuba. Ya zo ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa.

"Malam," ya ce, "bangon ƙasa numfashi shikai. In ka toshe mishi hanci, zufa za ya yi."

Na yi dariya har da buga cinya. "Haba Baba, bango kuma da huhu?"

"To ka cire indararo. Ruwan kwanon ga ina za ya zuba? Gindin bango fa."

"Siminti ba ya shan ruwa, Baba."

Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce Allah ya sa alheri, ya ɗauki kwandonsa ya tafi. Na bi bayansa da kallon tausayi, ina cewa a raina zamani ya wuce bawan Allah.

Ɗaki ya yi kyau, sai na rasa abin da zan sa a ciki wanda ya dace da shi. Ana saura kwana biyu in koma aiki, na shiga madafi neman wuta, na ɗaga kai na ga dawar nan cikin kunkunniya. Kunya ta kama ni. Malamin gona guda, irin gidansu yana rataye kamar tsohon takalmi! Na jawo turmi na kife, na hau, na kwance igiyar.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta tsaya. Ta juya wajen kaji.

"Ku tambayi baƙonku, mi hayaƙi ya yi mishi?"

Ni ma sai na fuskanci kajin. Wallahi lacca na yi musu cikakkiya, irin wadda nake yi a gindin bishiya: tsafta, iska, ƙwari, ajiyar zamani. Zakara ɗaya ya karkata kai yana saurare, shi ne ɗalibin da ya fi kowa natsuwa a duk aikina. Da na gama, Inna ta ɗauki rariyarta.

"To," ta ce wa kajin. "Shi ya yi karatu."

Da wata uwar ce da ta ƙwace abinta ta kore ni da muciya. Amma ni ɗan fari ne, ba za ta ja da ni ba. Na san haka, kuma da shi na yi amfani. Wannan ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Na sussuke zangarniyoyin, suka ba da kamar tiya biyu. Na ga ƙwayar duk toka-toka, sai na ce ai iri mai daraja bai kamata ya shiga sabon ɗaki da dauɗa ba. Na zuba a bahon ruwa na wanke shi tas, na kwashe na banza da suka taso sama, ina jin kaina gwani. Na shanya a tabarma. Lokacin ruwan farko ya riga ya sauka, rana tana fita tana ɓuya. La'asar ba ta yi ba hadari ya haɗo daga gabas, na kwashe da gudu. Kowane manomi ya san yadda ake gane hatsi ya bushe: ka ɗauki ƙwaya ka ciza, in ta ce ƙas, shi ke nan. Ni na riga na barbaɗa masa hodar ƙwari, ba halin cizo. Na damƙa da hannu, na ji kamar ya bushe, na ce ya bushe.

Na ɗure a leda, na ɗaure bakin tamau, na sa a buhu, na jingine shi da bango a kan daɓen siminti. Ko katako ban sa a ƙasa ba, ni da nake zana katakon a allo. Na ja ƙofa na sa kwaɗo. Makullin kuwa na jefa a aljihu na tafi da shi Ƙanƙara, don kada Inna ta mayar da irin hayaƙi bayan na juya baya.

Damina ta kankama. Da marka ta zo, ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki, wanki ba ya bushewa, ashana ba ta kamawa. Ranar wata kasuwa wani direba ɗan garinmu ya tsayar da ni a tasha.

"Inna ta ce a gaya wa mai makulli ɗakinshi na wari."

"Ce mata warin fenti ne."

Bayan mako biyu ya sake kawo saƙon, wannan karon an ƙara da cewa bangon yana kuka. Na ce zan zo. Ban zo ba, don an tura ni Sabuwa horar da manoma. Kan me? Kan laima.

Sai da masara ta fara nuna na isa gida. Kwaɗon ya yi tsatsa, ƙofar ta kumbura ta ƙi buɗuwa, sai da na sa kafaɗa. Abin da ya fara tarbata wari ne, irin na rigar da aka manta a bokiti, amma mai nauyi, har cikin maƙogwaro. Shuɗin fentina ya yi bororo. Daga ƙasa har ƙugu bangon ya yi baƙin tabo, ruwa na tsattsafowa yana gangara. Na danna da yatsa, wani ɓangaren filasta ya ɓalle ya faɗo, ƙasar da ke bayansa jiƙe sharkaf kamar an dama. Buzun sallar Baba da ke rataye ya yi kore. Takalminsa na fata ya fitar da farin gashi.

Na durƙusa gaban buhun. Gindinsa ya manne da daɓe. Da na kwance ledar, wani ɗumi ya bugi fuskata. Babu ƙwaya a ciki, dunƙule ne guda, kore da toka-toka, fumfuna ta saƙe shi da zare kamar auduga. Na ɗaga shi ya ɓare biyu a hannuna.

Inna tana bakin ƙofa. Na jira ta gaya wa kaji wani abu, ko zagi ne in ji sanyi. Sai kawai ta miƙo ƙwarya, na sa dunƙulen a ciki, ta koma inuwa ta zauna tana ɓarewa. Kwana uku tana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya, duk wadda ta ga da sauran kamanni. Abin da ta samu bai cika tafin hannu ba. Ta zuba ƙasa a tsohon kasko ta binne su.

Ni na ɗauki aikin ban-ruwa, safe da yamma. Rana ta shida wani ɗan kore ya leƙo. Na yi ta murna, na kewaye kaskon da ƙaya don kaji, har na fara shirya yadda zan ba da labarin a wurin aiki. Kwana biyu ina gadinsa. Inna ta zo wucewa, ta sunkuya, ta tuge shi ta jefa wa akuya. Ciyawa ce. Bayan ita ba abin da ya sake fitowa.

Da ruwa ya ɗauke na je da kaina na kira tsohon maginin. Na shirya jin "ai na faɗa maka", har na tanadi fuskar da zan karɓe ta da ita. Bai faɗa ba. Ya sa aka farfashe simintin, aka cire gilas, aka haƙa hanyar ruwa a gindin bango, ya ce a riƙa hura gawayi a kasko cikin ɗakin har ƙasar ta sha iska. Da aka zo yaɓe sai ya dube ni ya ce, "Malam, naɗe wando." Ni na cuɗa ƙasar da ƙafata, masu wucewa suna yi mini sannu da aiki da wata irin murya.

Saura iri. Baba yana da ƙanwa a Ruwan Godiya, kuma na tuna an ce ranar da aka kai ta ɗakin miji kakana ya sa mata zangarniya biyu cikin kaya. Na hau babur na tafi. Gwaggo ba ta da kunyar kowa, balle tawa. Na gama bayani kaina a ƙasa.

"Wanke iri ka yi?"

"Eh, Gwaggo."

"Da sabulu?"

"A'a, ruwa kawai."

"To madalla, ashe da sauran hankali." Ta tafa hannu ta kira maƙwabciyarta ta katanga. "Zo ki ga malamin gona! Gwamnati ke biyanshi!"

Sai da ta gama da ni tas, sannan ta shiga madafi ta fito da zangarniya huɗu, baƙaƙe da hayaƙi. Ta riƙe su ba ta sake ba.

"Ka ji in gaya maka gaskiya, ɗan nan. Shekaru nawa ana shuka ta gefen farfarar dawar mutane. Ta sha jini, ta gauraya. Ba ta yayana ba ce sak."

Na kawo su gida a cikin rigata. Na kife turmi na hau na rataye su inda na kwance waɗancan, hayaƙi na shiga mini ido. Da damina ta zagayo muka shuka su a bayan gida. Suka fito, suka yi kyau, suka kuma yi ta tsawo har suka wuce katanga, abin da dawar Baba ba ta taɓa yi ba. Ƙwayar ta zo wata ja, wata fara-fara.

Ranar da Inna ta tuƙa tuwon farko, da miyar kuka, na zo tun hantsi. Ta ajiye mini nawa a tabarma, ta koma bakin madafi da nata. Ban buɗe ba. Ina satar kallonta. Ta yi loma ɗaya, ta daɗe tana juya ta a baki. Ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Kaji sun taru a gabanta kamar kullum, ni kuma na kasa kunne in ji abin da za ta gaya musu.

Sai ta sa hannu ta kore su. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido.

"Ya yi kama," ta ce.

Ta jawo ƙwaryar ruwa ta wanke hannu, ta rufe sauran tuwon da faifai.

Tun ina ƙarami nake fatan ranar da Inna za ta dube ni ta yi mini magana da bakinta, ba ta hanyar kaji ba. Na kai shekara hamsin kafin ta zo, kuma abin da aka ce mini ke nan. Na buɗe kwanona na ci. Tuwo ne mai daɗi, ba laifi, duk wanda bai san na Baba ba zai nemi ƙari.