Sarakunan da Sellayi ta Wanke

Duk wanda ya tashi a Karur ya san Sengodan, mai tankaɗe yashin kogin Amarawati. A zamanin da ruwa ke cika ya janye, kullum yana bakin gaɓa, tsugune da rariya. Abokan aikinsa in sun tsinci sulen azurfa na Rumawan da, sai wurin maƙeri, a narke. Shi kuwa ko kusa. Bai iya karanta rubutun gefen sulallan ba, amma ya san sarakunan da fuska: ga Mai Hanci, ga Mai Wuyan Sa. Baƙin da shekaru suka shafa musu shi ke fito da kamanninsu, don haka ya fi ji da baƙin nan a kan azurfar.

Matarsa Sellayi kuwa ba ta iya ganin ƙarfe da dauɗa ta runtsa. Da bikin wanke kayan sana'a ya zo, ranar da har keke ake yi wa ado, ta ce ai sulallan nan ma kayan sana'a ne. Ta samo tsamiya da toka ta dirje su tas, ta dangwala wa kowane sarki kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi da jan gari a goshi.

Sengodan ya dawo, ya duba, ya dafe kai. Hancin Mai Hanci ya saje da kumatu.

"Ke! Wa ya aike ki?"

"Ji mutum! Kai ka yi wanka, baƙinka su zauna da dauɗa? Sarakuna ne fa, ba 'yan gawayi ba."

Ya kumbura, ya ƙi cin shinkafar biki. Ita ko a jikinta, ta haɗa da rabonsa ta cinye.

Yanzu kogin ya zama yashi zalla, Sellayi ta daɗe da rasuwa. Bara wani dillalin tsoffin sulalla ya zo daga Chennai, ya jujjuya su, ya yi tsaki.

"Baba, an cuce su. Amma a goge jan nan, zan ɗauka."

Sengodan ya jawo tsumma, don gwiwoyi sun ƙi, magani kuma ba kyauta ba. Ya kai sule ɗaya kusa da ido. A busasshen kwaɓin, zanen yatsarta na nan, layi-layi. Ya ajiye tsumman.

"Ɗana, shanye shayinka ka kama hanya," ya ce. "Wadda ta yi musu kwalliya ba ta ce a goge ba."